Nauyin da Ban Auna Ba

Kafin in koma tsaron ƙofa, aikina a Doha jan karafan ne. Karafan ɗaki ne mai taya, wani har da madafa da banɗaki a ciki, wanda mutanen ƙasar ke kaiwa sahara idan sanyi ya shigo, su yi zamansu na watanni. Su suna gaba a manyan motocinsu, mu muna baya da ɗakin ɗaure a gindin a-kori-kura. Shekara huɗu na yi ina wannan aiki ban taɓa goge wa kowa fenti ba, kuma ina alfahari da haka fiye da kima. A Sana'iyya, unguwar gareji da ɗakunan leburori inda muke kwana, direba ba shi da wata kadara sai sunansa. Idan sunan ya ɓaci a layi ɗaya, kafin la'asar duk sauran layukan sun ji, kuma ba mai sake miƙa maka makulli.

Wanda ya kawo ni abokin yayana ne, gidansu da namu katanga ɗaya ce ta raba a Gusau. Tun ina yaro Yaya nake ce masa. Shi ya nemo mini biza a kamfanin da yake aiki, shi ya tarbe ni a filin jirgi, shi ya ba ni bargo a sanyina na farko. Duk lokacin da na kira gida, kafin mu yi sallama sai Inna ta ce, "Ka dai ji nauyin Yayanka, shi ya ɗauki nauyinka." Nakan ce to. Ban taɓa tsayawa na lura cewa kalma ɗaya take maimaitawa sau biyu ba.

Yaya ƙaton mutum ne, mai dariya da dukan jikinsa. Ya iya tuƙi, wannan ba na hana shi ko yau. Amma lissafi ba ya cikin tsarinsa. Idan aka ɗaura masa karafan, sai ya zagaya sau ɗaya, ya shuri taya, ya ce, "Yalla, mu tafi, Allah na nan." Ni kuwa wani tsohon makaniki Basudane a garejinmu ya ɓata ni. Wata rana ya kamo ni da hannu ya buɗe ƙofar direba, ya nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙarfen, wadda na yi wata shida ina wuce ta kullum ban taɓa karantawa ba. Ya ce motar da kanta ta faɗi abin da za ta iya, mu ne ba ma saurare. Tun daga ranar na kamu. Na sayi ɗan littafi mai baƙin bango, na fara rubuta lambobin kowace mota da kowane karafan da na taɓa.

Sai korona ta zo, aka rufe layukanmu na Sana'iyya, ba shiga ba fita. Motoci suka yi ƙura a fili. Mu shida a ɗaki ɗaya, mun gaji da ludo, mun gaji da labarin gida, mun gaji da fuskokin juna. A nan ne wata rana bayan azahar Yaya ya hango littafin nan a ƙarƙashin matashina, ya ce, "Wai wannan lissafin dokin ranon naka da kake ɓata mana lokaci da shi a bakin aiki, zo ka koya mini mu rage zafi."

Na ji daɗi ƙwarai. Karo na farko ke nan da nake da wani abu da zan ba shi.

Na fara masa daga tushe. Na ce lamba biyu ce ba a haɗa su. Akwai abin da mota ke iya ja a bayanta, akwai abin da take iya ɗauka a jikinta. Tamu tana jan kilo dubu uku da ɗari biyar, amma a jikinta ɗari tara kawai take ɗauka, kuma cikin ɗari taran nan har da direba da duk wanda ya zauna kusa da shi. Ya ce har da mutum? Na ce har da mutum, kuma kai Yaya da kanka ka cinye ɗari da goma. Ɗakin ya kwashe da dariya, shi ma ya yi har da dukan cinya.

Inda ya fi ba shi wuya shi ne hancin karafan, wato ƙarfen gabansa da ake ɗaurawa a mota. Na ce idan aka ɗora hancin a kan ƙugiyar mota, wani kaso na nauyin karafan ɗin yana sauka a kan motar, wajen kashi ɗaya cikin goma, kuma dole a cire shi daga ɗari taran nan. Idan hancin ya yi nauyi da yawa, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya zama wasa a hannunka. Idan kuma ya yi sako-sako saboda an jibge kaya a baya, karafan ya fara kaɗa gindi, kuma wannan ya fi muni. Na ɗauko tiren cin abincinmu na ɗora a kan gwangwanin madara, na sa takalminsa a gefe guda, tiren ya kife. Ya ce, "Af, ashe haka ne."

Sai ruwa. Na ce lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba ragi. Tankin karafan idan ya cika, kamar ka ɗauki mutum goma ka zaunar da su a can ƙarshen baya ne. Shi ya sa ba a tafiya da ruwa, sai an isa a cika. Wannan da hannunsa ya rubuta shi a littafina, da lambobin Larabci don su ya saba da su tun makarantar allo, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Na tsokane shi cewa biyar ɗinsa ta yi kama da sifili, ya ce in bar shi, shi ya san abinsa. Kafin a buɗe layukan, Yaya yana yin lissafin nan da ka, har yana riga ni. Shafi goma sha ɗaya na littafin rubutunsa ne. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce mini wataƙila bai fahimta ba.

Da lokacin gasar ƙwallon duniya ya zo, garin ya haukace. Ga sanyi ya shigo masu sahara na son ɗakunansu, ga baƙi 'yan kallo da ake shirya wa wurin kwana, karafan ya zama abin nema. Muna fita tun asuba, mu dawo mu sake ɗaurawa. Mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin, ya ɗora Yaya a kan direbobi na wucin gadi, ya ce idan aka gama lafiya kujerar ta zama tasa. Yaya ya sayi sabuwar riga mai aljihu biyu da biro uku. Na taya shi murna da zuciya ɗaya.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Karafan na wani babban mutum ne da kamfanin ke lallaɓawa, za a kai masa can kudu, bakin teku, bayan Misa'id. Na buɗe littafina a kan bonet kamar kullum. Karafan ɗin ba komai a ciki kilo dubu biyu da ɗari bakwai. An zuba janareto, da tukwanen gas, da darduma, da kujeru, na ƙiyasta su ɗari biyar. Dubu uku da ɗari biyu ke nan, saura ɗari uku mu kai iyaka. Lafiya lau, in dai tanki ba ruwa. Tankin kuwa lita ɗari bakwai ne, kuma a bayan tayoyi yake.

Na ce, "Yaya, tankin fa?"

Ya ce, "Na zubar da hannuna tun da safe."

Muka ɗora hancin a ƙugiya. A nan ne na ga abin da har yau yake damuna. Ina da wata al'ada, bayan an ɗaura nakan sa hannu tsakanin tayar baya da ƙarfen da ke samanta. Da karafan irin wannan, gindin motar kan zauna har yatsu huɗu su shiga da ƙyar. Ranar hannuna ya shige har da babban yatsa, da sauran wuri. Motar ba ta zauna ba. Hancin ya yi sako-sako, wani abu yana danne bayan karafan.

Na san abin da ya kamata in yi. Famfon tankin yana nan a ƙasa, taku shida daga inda nake tsaye. In durƙusa in murɗa in ga ko ruwa zai fito, shi ke nan. Ko in bi ta sikelin manyan motoci da ke layi na gaba, minti goma. Amma Yaya yana tsaye a daidai wurin famfon, hannunsa a kan bangon karafan, direbobi biyu 'yan Nepal suna kallonmu. Ya riga ya ce ya zubar da hannunsa. In durƙusa a gabansa in murɗa famfon nan, na ce masa maƙaryaci ke nan a gaban mutanen da aka ɗora shi a kansu. Wani ɗan Nepal ko Bafilifine da ya murɗa abinsa ba tare da tunanin komai ba, kuma da ba wanda zai ga laifinsa. Ni kuwa ɗan Gusau ne, kuma mutumin nan ya goya ni a wuya ya kai ni kallon dambe ina shekara biyar. Na ji nauyinsa.

Na dai ce, "Kamar bayan ya yi nauyi."

Ya ce, "Janareto ne suka tura ciki. Kai dai da tsoro. Yalla, mutumin yana jira, khalas, magana ta ƙare."

Na rufe littafin na jefa a aljihun mota, na tayar.

Cikin gari ban ji komai ba, don a hankali ake tafiya, ko'ina tutoci da 'yan sanda da baƙi masu fenti a fuska. Sai da na hau babbar hanyar kudu na ɗan taka. Ban kai tamanin ba na fara jin bayan yana jan ni hagu da dama kaɗan-kaɗan. Na sassauta. Ina neman inda zan ratse in tsaya in murɗa famfon nan inda ba idon kowa, sai wata doguwar bas cike da 'yan kallo ta wuce ni da gudu, suna ta kaɗa tutoci ta taga. Iskarta ta bugi karafan. Na gan shi a madubin hagu, na gan shi a na dama, na sake ganinsa a na hagu ya fi na farko fitowa. Na cire ƙafa daga mai, na riƙe sitiyari da hannu biyu, ina salati. A kaɗawa ta huɗu ya ɗaga gindin motar ya juya mu gaba ɗaya.

Allah ya kiyaye, ba mota a kusa. A-kori-kurar ta tsaya a kan ƙafafunta tana kallon inda muka fito, karafan ya kwanta a gefensa cikin yashi. Na fito goshina na jini kaɗan. Abin da na fara ji shi ne ƙarar ruwa. Tankin ya fashe, ruwa na ta bulbulowa yana bin gefen kwalta, yashi na shanyewa. Na tsaya ina kallonsa har ya ƙare, kuma ya daɗe bai ƙare ba.

'Yan sanda suka zo suka yi aikinsu. Suka ga jiƙaƙƙen yashi, suka duba takardar jikin ƙofa, suka rubuta cewa kaya sun wuce iyaka kuma direba ne ke da alhaki. Ban yi musu ba, haka dokar take. Kafin a ja motar na buɗe aljihunta na ɗauke littafina na sa a aljihun gaban rigata.

Washegari da safe mudir ya kira mu ofis, ni da Yaya. A hanya na riga na ji labari daga mai wankin motoci: babban mutumin ne ya bugo wa Yaya ya ce a kawo masa da ruwa a cike, don motocin kai ruwa sun yi wuya a sahara saboda gasar, Yaya kuma ya ce an gama. Duk da haka ban shiga ofishin da fushi ba. Na ɗauka zai ce, ni na sa a cika, na manta ban faɗa masa ba. Ko ƙaryar mantuwa ce da na karɓa. Da an raba laifin biyu, da an ja mana kunne, da an wuce wurin.

Mudir ya tambaye shi, cikin Larabcin nan namu na aiki, ko ya san da ruwa a tanki.

Yaya ya buɗe tafin hannuwansa biyu. Ya ce, "Mudir, ni ban yi boko ba. Wannan lissafin na kilo-kilo ban san kansa ba. Shi ne mai littafi, kowa ya sani. Shi ya duba ya ce lafiya, ni kuma na ce ya tafi."

Ban taɓa jin sanyi irin na lokacin ba, kuma ba na na'urar sanyaya ofis ba ne. Na juya na kalle shi. Bai kalle ni ba, yana gyara biro a aljihu. Littafin yana kan ƙirjina, ina jin gefensa yana tokare ni. Shafi goma sha ɗaya na rubutunsa, da layi biyu a ƙarƙashin maganar ruwa. In zaro in ajiye a kan tebur, magana ta ƙare.

Mudir ya ce, "Kai fa, me za ka ce?"

Na tuna Inna da mahaifiyar Yaya suna miƙa wa juna garwashi ta saman katanga. Na tuna bargon. Na ba shi lokaci, wallahi na ba shi, ina jira ya ɗago ya ce wani abu. Bai ɗago ba. Sai na ji bakina yana cewa, "Ban duba tankin ba." Gaskiya ce kuwa, ita ce kaɗai gaskiyar da aka faɗa a ofishin nan. Mudir ya miƙo hannu, na ajiye masa makulli.

A waje Yaya ya biyo ni har inuwar garejin. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, ka yi haƙuri. Kai yaro ne, za ka samu wani. Ni ina da 'ya'ya bakwai, in kujerar nan ta kuɓuce ina zan sa kaina? Kuma ai ni na kawo ka."

Wannan ta ƙarshen ce ta fi ci mini rai. Wato dama ajiye ni ya yi don irin wannan rana. Ya san sarai ba zan murɗa famfon a gabansa ba, shi ya sa ya tsaya a wurin. Ya san ba zan zaro littafin ba, shi ya sa bai ko damu ya roƙe ni kafin mu shiga ba. Ni ina auna motoci shekara huɗu, shi kuwa ni ya auna, kuma bai yi kuskuren ko kilo ɗaya ba. Na cire hannunsa daga kafaɗata a hankali.

Ban samu wani ba. Na bi gareji-gareji har aka gama gasar, baƙi suka watse, aka sauke tutoci. Duk inda na je an riga an ji: ai shi ne mai littafin nan da ya kifar da karafan da ruwa a ciki. Har dariya ake yi, mai lissafi ya kasa lissafa tanki. Da ƙyar kafil ɗina, wato wanda bizata ke hannunsa, ya yarda na koma wani kamfanin tsaro. Na gaya wa Inna na gaji da tuƙi ne, bayana na ciwo. Ta ce Allah ya sa haka ya fi alheri, in gaida Yayana.

Inda aka ajiye ni wani babban fili ne a ƙarshen Sana'iyya, inda masu karafan ke kawo su ajiya idan zafi ya dawo. Ina da rumfa, da kujera, da sandar ƙarfe da nake ɗagawa. Dokar filin kuwa, kamar da gangan, ita ce ba a shigar da karafan da ruwa a tanki, kuma mai gadi ne ke tabbatarwa.

Wata ranar Talata da hantsi, zafi ya fara, sai ga a-kori-kurar tsohon kamfaninmu da karafan a baya. Tun kafin ta tsaya na gane tuƙin. Yaya ya sauko, ya ƙara ƙiba, biro sun zama huɗu. Bai gan ni da farko ba. Ina kallonsa ya zagaya baya, ya sunkuya, ya sa hannu tsakanin taya da ƙarfe, yatsu huɗu, daidai yadda na nuna masa. Sannan ya ɗago muka haɗa ido.

Ya washe baki ya ce, "Ƙanena! Ashe nan kake? Kwana da yawa."

Na ce, "Sannu, malam. Takardar shiga."

Dariyar ta tsaya masa a fuska. Ya miƙo takardar, na karanta ta tun daga sama har ƙasa, ko da yake na san abin da ke ciki. Na ce, "Tankin fa?"

Ya ce, "Na zubar. Wallahi na zubar da hannuna."

Yana tsaye a daidai wurin famfon. Na ce, "Matsa kaɗan, malam."

Ya matsa. Na durƙusa a gabansa, gwiwata a kan tsakuwa mai zafi, na murɗa famfon har ƙarshe. Ko ɗigo bai fito ba. Gaskiya ya faɗa. Na bar shi a buɗe duk da haka, na ƙwanƙwasa tankin da bayan hannu, na kara kunne na saurara, shi yana tsaye a kaina yana kallo. Na zaci zan ji daɗi. Ban ji ba, don na ga aikin bai fi na minti ɗaya ba.

Na rufe famfon, na kaɗe gwiwata, na koma na ɗaga masa sandar ya wuce.